Kwandon Saman Bene

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ku lafiya, ke da Inna da 'yan biyu. Yaya jikin Inna? Tana shan maganin hawan jinin nan kuwa, ko har yanzu tura shi take yi ƙarƙashin matashi ta ce ta sha? Mu nan lafiya lau muke, ni da maigidanki Mai Walda. Ya ce in gaishe ki. Na ce ya ɗauki biro ya gaishe ki da kansa, ya ce hannun da ya saba da ƙarfe ba ya iya riƙe abu marar nauyi.

Kin ce in daina kiranki a waya tunda kunnenki ba ya kama magana ta cikinta, sai "iye? iye?" har kati ya ƙare. To ga takarda, ki karanta a nutse. Dama wayar Mai Walda ta riga ta huta. Ta suɓuce masa daga aljihu muna can saman benen da muke aiki, da muka sauko ko murfinta ba mu tsinta ba. Ta hannuna ce kawai ta rage, ita ma ta kamfani ce.

Yaya, kwangilar ta tabbata. Babban kamfanin da ke gina benen ya ba ni aikin sa gilashi a fuska ɗaya ta ginin, daga tsakiya har ƙoli. Ni na sa hannu, ni na ɗauki ma'aikatana. Abin da nake so ki gane shi ne, takardar zamanmu a ƙasar nan a jikin aikin take. Muddin kwangila na hannuna muna da izinin zama, ranar da ta suɓuce sai mu tattara.

Garin nan ba ya zama wuri ɗaya. Kowa da jaka a hannu, kowa yana sauri kamar an ce masa gidansu na ci da wuta. Benaye sun tare rana, sai hantsi ya dubi ludayi take leƙo titi. A ofishin da na sa hannu, duk wanda ke teburin da ƙasarsa da harshensa, rabin magana da baki rabi da hannu, a haka aka gama.

Ɗakinmu yana bayan wani shagon wanki da guga, kullum da ɗumi da ƙamshin sabulu. Gadon mai hawa biyu ne. Ni ne a sama, domin Mai Walda ya ce ba zai wuni a sama ya kuma kwana a sama ba. Minsharinsa kuwa, Yaya, yanzu na gane Allah ya yi miki gata da ya rage miki ji.

Ga yadda aikin yake. Akwai wani dogon kwandon ƙarfe da ke rataye daga rufin bene da igiyoyin ƙarfe, inji biyu ke sauke shi su ɗaga shi, ɗaya a kowane gefe. Mutum biyu ke shiga, kowa da hular kwano da ɗamarar da ake maƙalawa. Mai Walda yana gyara ƙarafan da gilashin zai zauna, sauran su ɗora. Daga can motoci kamar tururuwa suke.

Ki ga ikon Allah, mutumin da ya riƙa aikena kiranki a ƙofar gida lokacin da yake neman aurenki, yau ni ke ce masa ya ɗaura ɗamara. A gaban mutane "ranka ya daɗe" yake ce mini don kawai ya ba ni kunya.

An riga an sa ranar buɗe ginin, saboda haka ana ɗan matsa mana. A sa mu a addu'a.

Ƙanenki,
Auta

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta iso, na karanta wa Inna sau biyu, na tsallake wurin kwandon. Jikinta da sauƙi. Maganin kuwa yanzu a gabana take haɗiyewa, sai ta buɗe baki na gani, tana zagina tana cewa na mai da ita yarinya. 'Yan biyu suna lafiya, ɗaya haƙorinta na gaba ya faɗi, ɗayar tana ta girgiza nata don kada a bar ta a baya.

Shago yana tafiya. An kawo mini ɗinkin kayan makaranta masu yawa, har zare ya kusa ƙare mini. Keken ya fara wata ƙara daga ƙasa, ba na jin ta ni, maƙwabta ne suke ba ni labari. Ka ce wa Baban Biyu aikinsa na jiransa.

Maganar minshari kuma, ka iya bakinka. Ban manta wanda ya riƙa jiƙa mini katifa har ya shiga makaranta ba.

Na yi murna da kwangilarka, Allah ya sa albarka. Amma Auta, ni tun da na karanta zancen kwandon nan hankalina bai kwanta ba. Ko tsani na ga mutum ya hau sai in kau da kai. Me ke riƙe da igiyar a can rufin? In iska ta taso fa? Wa yake dubawa kafin ku shiga? Kada ka ce mini "ba komai", na san "ba komai" ɗinka.

Sannan ga wata magana, tsakanina da kai. Baban Biyu bai saba a ba shi umarni ba, balle daga yaron da ya goya a kan babur. Yana dariya ne, amma na san abin da ke ƙasan dariyar. Ya rufe shagonsa ya bi ka ne don ya ga aiki ya tsaya a nan, ba don ransa ya so ba. In za ka gyara masa abu, ka ja shi gefe. In ya yi shiru kada ka ɗauka ya yarda.

Inna ta ce ka riƙa cin abinci da safe kafin ka fita, wai ta san halinka.

Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina gaida Inna da masu haƙora. Lafiyarmu ƙalau, sai dai barci ne ba na samu sosai, kuma wannan karon ba laifin Mai Walda ba ne.

Kin hana ni cewa "ba komai", to ba zan ce ba. Da komai.

Kin tambayi wa ke duba igiya. Ni ke dubawa, kowace safiya kafin kowa ya shiga. Shekaranjiya ina shafa ta gefen hagu sai wani sili ya soke ni ta cikin safar hannu. Na duba da kyau, na ga 'yan silaye sun tashi a wuri guda, kamar gashin tsintsiya. Ba su da yawa. Wani zai gani ya wuce. Ni dai tun daga lokacin duk sanda kwandon ya motsa sai in ji kamar a ƙirjina aka ɗaure shi.

Na je wurin manajan ginin. Wani dogo ne mai furfura, ba mugu ba ne, shi ma daga sama ake taka shi. Ya turo injiniyansu, ya hau ya auna ya ce igiyar za ta kai ƙarshen aiki har ta yi saura. Na ce a canja ta. Manaja ya ce sabuwa sai an yi odarta daga wata ƙasa, ba za ta iso ba sai bayan ranar buɗewa.

Na ce, "To a ɗaga ranar."

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Ka san mutum nawa suka riga suka kama ofis a ginin nan? Bankuna ne da manyan 'yan kasuwa, wasu har kujerunsu sun iso suna ƙasa a cikin kwali. In kai ba za ka iya ba, akwai masu jira a bakin ƙofa."

Gaskiya ya faɗa, Yaya. Kullum ina ganinsu, 'yan kwangila irina, da jaka a hammata suna shan shayi a tsaye suna jiran wani ya yi tuntuɓe.

Na ja Mai Walda gefe kamar yadda kika ce, na nuna masa wurin. Ya shafa, ya ce ya taɓa ganin wadda ta fi ta lalacewa tana ɗaga injin mota. Na ce injin mota ba shi da 'yan biyu a gida. Sai ya yi shiru. Kin ce kada in ɗauki shirunsa a kan yarda, ban ɗauka ba.

An ba ni zuwa ƙarshen mako in faɗi matsayina. In na ce a hau, wani abu ya faru, da wane ido zan dube ki? In na ce ba za a hau ba, mutanen da na kwaso daga gidajensu da alkawari, da wane baki zan yi musu bayani? Injiniya ya fi ni karatu, wataƙila tsoro ne kawai ke damuna. Ban sani ba.

Kada ki karanta wa Inna wannan.

Auta

*

Auta,

Ina gaisuwa. Mu duk lafiya.

Na ba ka amsar takardarka tun ranar da ta zo, na ce kada ka bar kowa ya shiga kwandon nan, ko da za ku dawo da rigar jikinku kawai. Ban san ko ta same ka ba. Ƙarshen makon da ka ce ya wuce, wani ya bi bayansa, wata ma ya juya, shiru.

Kullum sai na biya gidan waya kafin in buɗe shago. Mutumin da ke rarraba takardu yanzu tun daga nesa yake girgiza mini kai. Inna ta fara tambaya. Na ce aiki ne ya yi muku yawa, ta ce aiki bai taɓa hana Auta surutu ba.

Ko layi biyu ne ka rubuto. In kai ba ka da lokaci ka sa Baban Biyu, ko sunansa kawai ya rubuta a takarda in ga hannunsa.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaishe ku. Ki yi haƙuri da shirun, abin da nake gudu ne ya faru. Jiya aka sallame mu, ni da Mai Walda. Sauran suna can tukuna, ban san yadda za ta kaya da su ba. Mai Walda har yanzu bai yi magana ba. Hannuna rawa yake yi, ba zan iya dogon rubutu ba, wani mai tafiya gida ne yake tsaye a kaina yana jira in ba shi. Zan yi miki bayani in na natsu. Inna kada ta ji.

Auta

*

Auta,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san ta inda zan fara gaisuwa ba. Yaya jikin naku?

Ina kan keke aka miƙo mini takardarka. Na karanta, na sake karantawa, sai da matar da ta zo karɓar ɗinki ta riƙe ni ta zaunar da ni a kan buhun yadi. Igiyar ta tsinke ke nan. Daga wane hawa? Kai ma kana ciki? Tun yaushe kuke kwance a asibiti ban sani ba, ina nan ina yi wa gidan waya sintiri?

Ka ce an sallame ku, alhamdu lillahi. Amma wace irin sallama ce za a yi wa mutumin da ba ya magana? A kai ya bugu? Yana gane mutane? Yana cin abinci? Yana iya tashi, ko ɗaukarsa ake yi? Likita ya ce maganar za ta dawo? Kai kuma hannunka, karaya ce ko me? Auta, ka faɗa mini gaskiya gaba ɗaya. Ni ba yarinya ba ce, ni na yi jinyar Baba har ya cika, ba abin da ban gani ba. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne rabin magana.

Na ruga wurin mai kantin magani na maƙwabta na ba shi lambarka, na ce ya kira ya saurara mini. Ya kira har ya gaji, a kashe. Ya ce wataƙila wayar ma ta faɗo tare da ku.

Da na koma gida na wanke fuska a bakin famfo kafin in shiga. Bai hana komai ba. Inna ta ɗago ta dube ni ta ce, "Wa ya mutu?" Na ce ba kowa, allura ce ta soke ni. Ta ce in nuna mata yatsan. Na shige ɗaki. Tun ranar ba ta sake tambaya ba, kuma wannan ya fi tambayar tayar mini da hankali. Abinci take turewa.

'Yan biyu ba su san komai ba. Jiya suna faɗa a kan wadda za ta fara nuna wa babansu giɓinta.

Na je na tambayi yadda ake yin fasfo. An ce yana ɗaukar lokaci, ga kuma izinin shiga. Na dai fara. In ba za a iya ɗauko shi ba, ni zan zo. Ka riƙa juya shi a kan gado kada bayansa ya yi gyambo. Ka riƙa yi masa magana ko bai amsa ba, ka ce masa yara suna lafiya, ka ce na ce ya yi haƙuri.

Sauran da ka ce suna can, Allah ya tashi kafaɗunsu. Akwai wanda ya rasu?

Yayarka

*

Yayata,

Don girman Allah ki kwantar da hankalinki. Ba wanda ya faɗo. Ba wanda ya je asibiti. Ni da Mai Walda lafiyarmu ƙalau, ko ƙwarzane babu. Ki tashi yanzu ki je ki faɗa wa Inna, sannan ki dawo ki ƙarasa karatun.

Da na karanta takardarki sai da na zauna a dakalin mai wanki na riƙe kai. Daga aiki aka sallame mu, Yaya. Korarmu aka yi. Sauran da na ce suna can, a wurin aiki nake nufi. Mai Walda kuma bakinsa garau, ni ne ya daina yi wa magana. Wayar ta kamfani ce, sun karɓe abarsu tare da katin shiga. Na rubuta a tsaye cikin sauri ban sake dubawa ba, na jefa ki a wannan hali. Ki yafe mini.

Amsarki ta farko ba ta iso ba, amma abin da kika ce shi na yi. Na ce wa manaja mutanena ba za su shiga kwandon ba sai an canja igiya. Aka yi ta ja, yau a kira ni ofis gobe a kira ni, aiki a tsaye. Daga ƙarshe suka ce na saɓa yarjejeniya, suka miƙa aikin ga wani ɗan kwangila. Ni suka kora, da Mai Walda tunda an san surukina ne. Sauran ma'aikatan sabon mutumin ya riƙe su.

Yanzu ga abin da ya sa na ce ki fara zuwa wurin Inna kafin ki iso nan.

Sabon ɗan kwangilar ya rasa mai walda. Ya aiko wa maigidanki. Ranar da ya buɗe baki ya yi mini magana, yana naɗe tabarmar sallarsa ne yana turawa a jaka.

Na ce, "Yaya, ina za ka?"

Ya ce, "Aiki."

Na ce, "A kwandon nan?"

Ya ce, "Kai ka yi gaskiyarka, Allah ya ba ka lada. Ba ka da mata ba ka da ɗa. Gobe in ka koma gida Inna za ta shafa kanka ta ce sannu. Ni in na koma hannu biyu, shago a rufe, kayan aikina na sayar na yi guzuri, in ce wa yara me? In ce kawunsu ya ga sili?"

Na ce masa silin nan na gaske ne. Ya ce bai ce ƙarya ba ne. Ya saɓa jaka ya fita. Yanzu yana kwana a masaukin sabon kamfanin, takardar zamansa ta koma hannunsu.

Ni an ba ni 'yan makonni in tattara in bar ƙasar. Na nemi wata kwangilar, amma a garin nan labari ya fi mutum sauri, duk ofishin da na shiga sai a ce za a neme ni.

Ba na iya zama a ɗaki. Akwai wata rumfar jiran bas a tsallaken titi, daidai gaban ginin. Nan nake wuni. Daga nan ina ganin kwandon, ina gane Mai Walda da jar hularsa. Mai sayar da jarida a wurin da farko ya ɗauka taɓaɓɓe ne ni, mutum ya zo da safe ya ɗaga kai sama har yamma. Yanzu kujera yake ajiye mini. Wuyana ya ƙage, in zan waiwaya sai in juya da jikina duka.

Kuma Yaya, kullum kwandon yana hawa yana sauka lafiya. Gilashi sai ƙaruwa yake yi. Ina godiya ga Allah, sannan wani abu yana cina: wataƙila injiniya ne mai gaskiya, na watsar da abincin mutane a kan tsoron banza. Ki ga halin da nake ciki, ba na so in zama mai gaskiya, kuma ba na iya haƙura da zama marar ita.

Ki rubuta masa. Ki sa a cikin tawa, zan ba mai gadi ya miƙa masa. Ni ba ya jin tawa.

Auta

*

Baban Biyu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki. Ina fata kana lafiya. Mu nan lafiya, Inna ta koma cin abinci, yara suna gaishe ka.

Tun da muke tare ban taɓa ce maka kada ka je aiki ba. Ka sha dawowa da ƙuna a hannu, ka sha kwana ido yana ruwa saboda hasken walda, ban ce komai ba sai in jiƙa tsumma in ɗora maka. Yau ma ba umarni zan ba ka ba, ban isa ba. Labari kawai zan ba ka.

Auta ya rubuto wata takarda na yi mata mummunar fahimta. Na ɗauka kun faɗo, na ɗauka ka bugu a kai ba ka magana. Kafin gyara ya iso na daɗe a haka. Na share ɗakin da ke kusa da ƙofa, na fitar da buhunan yadi, don in an kawo ka kada a sha wahalar shiga da kai. Na auna faɗin ƙofar banɗaki da tef ɗin ɗinki, in ga ko keken marasa lafiya zai wuce. Na zauna na tsara kalmomin da zan faɗa wa yara. Har na fara tunanin yadda ni da ba na ji sosai zan zauna da kai da ba ka magana, na ce to, sai mu koma nuni da hannu.

Duk wannan na yi shi na gama, ashe kana can lafiyarka ƙalau kana fushi. Ɗakin yana nan a share, na kasa mai da kayan.

Na san abin da ke ranka. Ba ka so ka shigo unguwa a ce ya tafi ya dawo ba komai. Masu faɗin haka za su faɗa su gaji. Kekena yana juyawa, ba mu kwana da yunwa ba. Kayan aiki ana sayen wasu.

Yaron nan kuma da kake fushi da shi, yana tsallaken titi yana kallonka tun safe har yamma. In ka leƙo ƙasa za ka gan shi.

Matarka,
Maman Biyu

*

Maman Biyu,

Gaisuwa. Ni ne da hannuna na rubuta wannan, don ki san ina lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun. Ki karanta har ƙarshe kafin ki ɗauki wata ma'ana.

Takardarki ta same ni a bakin ƙofa da safe. Na karanta, na ninke na sa a aljihu, na hau. Ba zan ɓoye miki ba, na ci gaba da hawa har kwanaki bayan haka. Saura kaɗan aikin ya ƙare, na ce bari in ƙarasa. Ina ganin ƙanenki a rumfar bas. Tun kafin ki faɗa nake ganinsa, ban dai taɓa ɗaga masa hannu ba.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, muna saukowa daga ƙoli ni da abokin aikina. Injin dama ya tsaya cak, na hagu ya ci gaba da sauka. Kafin a kashe shi kwandon ya karkace ya kusa miƙewa tsaye. Kayan aiki suka zube. Gilashin da muke riƙe da shi ya tafi, na daɗe ban ji ƙararsa ba, Allah ya sa ba kowa a ƙasan. Mu biyu ɗamara ce ta riƙe mu, ƙafa tana lilo. Abokin nawa yana ta kiran uwarsa da harshensu. Ni kuwa salati na yi ta yi a zuci.

Ubangidan namu ba ya nan, ya tafi wani aikin. Yaran da ke kan rufi ranar sababbin ɗauka ne, sai ihu suke yi. Akwai wata mariƙa da ake juyawa da hannu in inji ya mutu, ba su san inda take ba.

Abin da ya biyo baya mai gadi ne ya ba ni labari. Ya ce ya ga mutum ya keto titi tsakanin motoci, ya tsallake shingen ƙofa, ya ture shi. Lif, na'urar hawa bene, ba ya buɗewa sai da kati, saboda haka ta matakala ya hau, tun daga ƙasa har rufi. Ni dai abin da na sani, na ji kwandon ya fara ɗagowa kaɗan kaɗan, yana tsayawa yana ci gaba. Sannan na ji murya daga sama tana cewa, "Yaya, kada ka dubi ƙasa!" Shi da yaran suka yi ta juyawa har muka daidaita, aka jawo mu ta wata taga. Ba safar hannu gare shi ba. Fatar tafin hannunsa duka biyu ta saɓule.

'Yan sanda sun zo saboda gilashin da ya faɗo titi. Suka nemi takardun kowa. Ashe wa'adin da aka ba Auta ya wuce tuni, bai faɗa miki ba, bai faɗa wa kowa ba. Suka kai shi aka ɗaure masa hannun, daga nan suka wuce da shi inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu. Manajan nan mai furfura ya je ya yi magana kada a kai shi kotu a kan ture mai gadi, an yarda. Amma an buga masa hatimi, ba zai sake shigowa ƙasar nan ba. Kwangila a nan ta ƙare masa.

Na je na gan shi. Yana zaune a benci, hannu biyu a naɗe kamar ɗan dambe. Na ce, "Igiyar taka dai ba ta tsinke ba." Ya ce, "Na gani." Muka yi dariya har mai tsaron ya leƙo. Sai kuma ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna rawa, ba shi da hannun share fuska, ni na share masa da hular kaina.

Na ajiye aikin. Zan tattara kayana da nasa a ɗakin mai wanki in biyo baya, da zarar an ba ni fasfona. Shi za a sa shi a jirgi cikin makon nan, mai kawo miki takardar nan zai faɗa miki ranar.

Ki fara yi wa Inna bayani kafin ta gan shi. Ki je filin jirgi da kanki. Kada ki yi masa faɗa a kan takardar zama. Ba ya iya riƙe cokali, ba ya iya ɓalle maɓalli, kuma zai ce miki zai iya, kada ki yarda.

Akwai maganar da ya kamata in faɗa masa a bencin nan, bakina ya ƙi. Na so in ce ki faɗa masa a madadina. Ki bari kawai. In na iso zan faɗa da kaina.

Mijinki